Darasi na 7: Idan Al'ada Ta Ɗauke

Muddin mace tana haihuwa, asibiti ya san da zamanta. Akwai katin awon ciki, akwai ranar rigakafin yara, har gidan sauro ake ba ta. Da ta yaye auta, shi ke nan, ba mai sake tambayarta yaya jiki. A daidai lokacin kuwa jikin nata yake shiga wani sabon hali.

Yawancin mata al'adarsu tana ɗaukewa tsakanin shekara 45 zuwa 55. Ba dare ɗaya take tsayawa ba. Ta zo wannan wata, ta tsallake biyu, yau jini da yawa, gobe ɗan ɗigo. Sai an yi wata 12 a jere ba a ga jini ba, sannan a ce ta ɗauke. Kafin nan ciki yana iya shiga, don haka mai tazarar haihuwa kada ta daina sai ta yi shawara da malamar asibiti. Dalilin sauyin shi ne ƙwayayen haihuwa sun kusa ƙarewa, wani sinadarin jikin mace mai suna istirojin kuma ya ragu. Ba cuta ba ce.

Ga mace zaune a tsakar gida cikin hunturu, kowa ya ƙudundune, ita kuwa zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska. Ta ture ɗankwali, ta jawo faifai tana fifita, zufa ta jiƙe mata wuyan riga. Bayan ƴan mintoci ya lafa. Da dare ya dawo, barci ya gagara, da safe abu kaɗan ya ɓata mata rai. Sai ka ji ana cewa iska ce ta taɓa ta, ko a ɗora wa kishiya, kuɗin nono da kifi ya tafi wajen boka. Akwai kuma wadda ba a faɗa saboda kunya: bushewar gaba, har kwanciyar aure ta koma azaba. Wannan tana da magani, amma sai an buɗe baki. Maigida ma ya sani, ba ƙinsa ake yi ba.

Ƙashi yana rage ƙarfi a waɗannan shekaru. Mu a Kebbi ba sai mun je nesa neman abincin da ke ƙarfafa shi ba: kindirmo, zogale, kuka, riɗi, da ƙananan kifin Yawuri ko Argungu da ake ci har da ƙaya. A riƙa tattaki, a riƙa awon hawan jini da suga.

Abu ɗaya ne ba a jira a kansa. Wadda ta shekara ba ta ga al'ada ba, sai jini ya dawo, ko ɗigo ne, kada ta ce haila ce ta zauna gida. Yana iya zama alamar sankarar mahaifa ko ta bakin mahaifa. Ta tafi asibiti a makon nan. Idan na unguwa ya gaza, ya tura ta babba, kamar Asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi. Haka ma ƙullutu a mama. Jikokinmu kuwa, tun 2023 Nijeriya ta fara yi wa ƴan mata allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa kyauta, aka soma da masu shekara 9 zuwa 14.

Yanzu maganar hukuma. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kula da lafiya a matakin farko. A mazaɓu akwai kwamitin ci gaban mazaɓa da ke sa ido kan asibitin sha-ka-tafi. Kwamitin nan abin da aka kai masa shi yake tattaunawa, kuma da wuya dattijuwa ta tashi gaban mai unguwa da kansila ta ce, “Ranka ya daɗe, zafi ke tasar mini da dare.” Ita kaɗai ba za ta iya ba. Mata ashirin daga aji ɗaya, da takarda a hannu, za su iya. Ranar 18 ga Oktoba ta kowace shekara duniya take ware wa batun ɗaukewar al'ada, rana ce mai kyau ta miƙa takarda.

Aikin aji

Ku amsa da baki: wata nawa ake ƙirgawa kafin a ce al'ada ta ɗauke? Wane jini ne ba a jira a kansa?

Sannan ku zauna uku-uku, ku rubuta wasiƙa mai layi biyar zuwa ga shugaban kwamitin mazaɓarku. Ku roƙi a ware rana ɗaya a wata domin matan da suka haura shekara 40, a sa mace ta duba su, a kuma tanadi na'urar awon hawan jini. Kowa ta rubuta sunanta da hannunta a ƙasa, ban da dangwala yatsa.