Yadda Ake Shirya Taron Unguwa Domin Nazarin Matsala da Tsara Mataki

A watan Disamba na 2018, lokacin da farashin burodi ya ninka sau uku a Sudan, zanga-zangar da ta tashi daga garin Atbara ta samu ƙarfi ne daga kwamitocin unguwanni, waɗanda suke zama su tattauna abin da ke damun jama'arsu kafin su fita titi. Bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021, kwamitocin nan sun rubuta daftarin manufofinsu ta hanyar tattaunawa daga unguwa zuwa unguwa, kuma da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, da dama daga cikin 'ya'yansu ne suka kafa wuraren dafa abinci na taimakon maƙwabta. Abin koyi a wurinsu shi ne zaman da ake yi kafin a ɗauki mataki, kuma ana iya shirya irinsa a kowace unguwa.

Aikin yana farawa ne makonni kafin ranar taro. Mutum biyar ko shida su raba unguwar a tsakaninsu, su bi gida-gida da majalisa-majalisa suna sauraron koke-koken jama'a, har su gano matsala guda da ta fi yawa a bakin mutane, kamar ƙarancin ruwan sha. A sanar da mai unguwa da liman tun da wuri, domin taron da suka ji labarinsa a bakin wani yakan gamu da cikas. A zaɓi wurin da ba na wata jam'iyya ko wani attajiri ba, kamar filin makarantar firamare, a sa lokaci bayan la'asar. A Najeriya sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba jama'a 'yancin taruwa cikin lumana, kuma yana da kyau masu shiryawa su san da haka.

Inda mata ba za su iya zama tare da maza ba, a yi musu nasu zaman a makarantar Islamiyya ko a wani gida, su aiko da wakilansu da abin da suka tsayar. A ganina, taron ruwa da babu muryar mata a cikinsa ya rasa rabin hujjarsa, tun da su ne suka san jarka nawa gida yake sha a rana da kuma nawa ake biyan 'yan ga-ruwa.

Ranar taro, kada a fara da jawabin manyan baƙi. A raba jama'a rukuni-rukuni na mutum goma zuwa goma sha biyar, kowane rukuni da mai jagoranci da mai rubutu, a bai wa kowa minti biyu ya faɗi yadda matsalar ta shafe shi. Daga nan ne nazari yake farawa, kuma a nan ya kamata a fi daɗewa. A tambayi dattawa yaushe famfo ya daina kawo ruwa da abin da ya faru a lokacin, a rubuta shekarun a kan allo kowa yana gani. Sai a tambaya wa ke da ikon gyara lamarin, kansila ne ko shugaban ƙaramar hukuma ko hukumar ruwa ta jiha, wa ke amfana da halin da ake ciki, kuma wa zai iya mara wa unguwar baya. Sau da yawa a nan ake gane cewa wanda aka daɗe ana zargi ba shi ne mai ikon yanke hukunci ba. Mai jagoranci ya kiyaye kada a mai da ɗan ga-ruwa abokin gaba, alhali shi ma neman abincinsa yake yi da kurarsa.

Bayan rukunoni sun kawo rahotonsu, a tsayar da buƙata guda ɗaya wadda za a iya auna cikarta, misali gyaran rijiyoyin burtsatse biyu cikin wata uku, sannan a jera matakai daga mai sauƙi zuwa mai nauyi: takardar koke mai ɗauke da sa hannun magidanta, tawaga zuwa ofis, shiga shirin rediyo. Kowane aiki a rubuta sunan wanda ya ɗauke shi da ranar da zai kawo bayani. A karanta abin da aka tsayar da babbar murya, a sa ranar zama na gaba kafin a kira sallar magariba.