Kurakuran da aka fi yi da WeakSet a Python

Na gaji da ganin masu koyon Python suna zuba abubuwa a cikin WeakSet, wani nau'in tarin abubuwa a Python, sannan su dawo suna ƙorafin cewa tarin ya zama fanko da kansa. Riƙon da WeakSet yake yi wa abu mai rauni ne, ba ya hana a share shi daga ƙwaƙwalwar kwamfuta, don haka da zarar babu wani sashe na manhajar da ke riƙe da abin da ƙarfi, zai fice daga tarin ba tare da sanarwa ba.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne saka aikin wani abu (method) kai tsaye, kamar a rubuta masu_sauraro.add(taga.sabunta). Duk lokacin da aka rubuta taga.sabunta, Python yana ƙera sabon abu na wucin gadi ne wanda ke haɗa tagar da aikinta, kuma tun da CPython, wato Python ɗin da aka fi amfani da shi, yana ƙidayar masu riƙe da kowane abu, wannan sabon abin yana mutuwa a layin da aka haife shi, alhali tagar tana nan da ranta. Babu saƙon kuskure ko ɗaya. Na taɓa shan wahala da wata manhajar ciniki da allonta ya daina nuna sabon farashi, muka yi ta zargin rumbun bayanai, ashe wannan layi guda ne. Haba, wanda bai duba abin da ya saka a tarinsa ba, me ya kai shi ga riƙo mai rauni tun farko? Ni dai weakref.WeakMethod nake amfani da shi, wato riƙo mai rauni da aka yi musamman don irin wannan aiki, wanda ya shigo a Python 3.4, in ajiye shi a jeri na yau da kullum, in kuma duba ko ya dawo da None, alamar cewa tagar ta mutu, kafin in kira aikin.

Haka kuma kada a dogara da lokacin da abu zai ɓace. A PyPy, wani nau'in Python na daban, sharewar tana iya jinkiri, a CPython ma abubuwan da ke riƙe da juna sai mai share ƙwaƙwalwa ya zagayo, saboda haka ba na gina wani hukunci a kan adadin abin da ke cikin tarin.

Lambobi, rubutu, tuple, list da dict ba sa shiga WeakSet, saƙon kuskure na TypeError za a samu. Ajin da ke da __slots__ kuwa, wato jerin da ke ƙayyade sifofin da abubuwansa za su iya ɗauka, sai an ƙara masa __weakref__ a ciki.