Yadda za ka taimaki zomayenka a zafin Tawa

Jama'a masu kiwon zomo a Tawa, da Afirilu ya kama zafi yana wuce digiri 40, shi ko zomo tsakanin 15 da 21 yake jin daɗi, ba ya gumi kamar mu, ta kunne yake fidda zafi, da an wuce 30 sai ya rage ci, girma ya ragu.

Zafin nan yana lalata ƙwayoyin jikinsa daga ciki, abin da ke tare wannan ɓarna shi ne bitamin C, bitamin E da seleniyom (wani ma'adini da jiki ke buƙata kaɗan). Hanya mafi arha ta samun bitamin ɗin nan wallahi zogale ne. Ka shanya ganyen a inuwa, ba a rana ba, ka daka ka riƙa barbaɗa kaɗan cikin dusa, ka ƙara sannu sannu don cikin zomo ba ya son canji na gaggawa. Bitamin C a ruwan sha ake sawa, amma kullum ka haɗa sabo don zafi na kashe shi. Seleniyom kam kar ka yi gaban kanka, in ya yi yawa guba ne, tambayi likitan dabbobi.

Abinci da asuba da bayan magariba. Rufin kwano a shimfiɗa masa zana, a rataya jiƙaƙƙen buhu gefen keji.