Yadda ake bin sawun makaɗan jaz daga faifai zuwa faifai

Masu sha'awar jaz da yawa sukan samo jerin faya-fayai ɗari da aka ce dole a ji, su cika waya da su, amma ko ɗaya ba su ji har ƙarshe ba. Abin da ya fi shi ne ka riƙe faifai guda, ka san waɗanda suka yi kiɗa a cikinsa, su da kansu za su kai ka na gaba.

Mataki na farko: fara da Kind of Blue na Miles Davis, wanda ya fito a 1959. Kafin ka kunna, rubuta sunayen makaɗan. Davis ne ke busa ƙaho, John Coltrane da Cannonball Adderley na kan saksofon, Bill Evans na fiyano, Paul Chambers na bas (babban kayan kiɗa mai tsirkiya, mai kaurin sauti), Jimmy Cobb na ganguna. Ka sa abin saurare na kunne, domin lasifikar waya cinye sautin bas take yi.

Mataki na biyu, kuma a nan aikin yake: ji kiɗa ɗaya sau uku, kowane karo kunnenka na kan mutum guda. Ɗauki "So What", kiɗan farko a faifan. Karon farko bi bas kaɗai. Shi ne ke faɗin jigon kiɗan, sauran suna mayar masa da sauti biyu, kamar 'yan amshi bayan mawaƙi. Karo na biyu bi Davis, ka lura da yadda yake busa kaɗan ya yi shiru, ya bar fili. Karo na uku jira Coltrane ya shigo bayansa, yana zuba sautuka ba ƙaƙƙautawa. Idan ka kai "Freddie Freeloader" ka ji hannun mai fiyano ya sake, ya fi rawa da walwala, to kunnenka bai yaudare ka ba. Wynton Kelly ne ya zauna a wurin Evans a wannan kiɗan kaɗai.

Mataki na uku: zaɓi mutum ɗaya daga cikinsu ka bi shi gidansa. In Evans ya ja ka, nemi Sunday at the Village Vanguard, wanda aka ɗauka ranar 25 ga Yuni 1961 a wani ƙaramin gidan kiɗa a New York. Har ƙarar kofuna da hirar mutane ana ji. Mutum uku ne kawai, kuma mai bas, Scott LaFaro, ba rakiya yake yi ba, hira yake da fiyano. Ba a cika mako biyu ba ya rasu a haɗarin mota. In kuwa Coltrane ne, fara da Giant Steps na 1960, sannan A Love Supreme da aka ɗauka a Disamba 1964. Kashi huɗu ne, kusan rabin awa, ya yi shi ne don godiya ga Allah. Kada ka gutsuttsura shi, a zama ɗaya ake jinsa.

Mataki na huɗu: leƙa baya ka ji "West End Blues" na Louis Armstrong, 1928. Minti uku ne da 'yan daƙiƙoƙi, kusan iyakar abin da ƙaramin faifan garmaho na lokacin ke ɗauka ke nan.

Mataki na biyar: fita daga zuriyar Davis. Moanin' na Art Blakey, 1958, zai nuna maka yadda mai ganga ke jan ragamar ƙungiya. Eastern Sounds na Yusef Lateef, 1961, ya fi natsuwa, kuma mai shi ba baƙonmu ba ne, don ya yi shekaru yana bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a farkon shekarun 1980. The Shape of Jazz to Come na Ornette Coleman kuwa, a ganina ka jinkirta shi. Babu fiyano a ciki, kuma wanda ya yi masa gaggawa yakan ce hayaniya ce.

Mataki na shida: samu abokin saurare, ku daina gardamar wa ya fi wa, ku kwatanta kiɗa ɗaya da aka yi sau biyu. Ku ji "So What" na 1959, sannan ku sa wanda Davis ya sake yi gaban jama'a a 1964, a faifan Four & More. An ƙara masa gudu sosai, Herbie Hancock na fiyano, Tony Williams na ganguna yana ɗan shekara 18. Kowa ya faɗi abin da gudun ya ƙara da abin da ya rage, ya kuma nuna daidai mintin da ya ji hakan.