Babi na Bakwai: Gundumar Cimarron, Ƙasar Alkama da Ƙura

A wannan babi za mu ɗauki gunduma guda ta manoma da makiyaya a ƙasar Amurka, mu zana taswirarta, mu bi tarihinta, sannan mu yi lissafi da alƙaluman ƙidayar mutanenta. Sunanta Cimarron, tana cikin jihar Oklahoma. Kowa ya tanadi fensir da takarda, malami kuma ya riƙa zane a allo ana bin sa.

Zana taswirar

Jihar Oklahoma tana da wani siririn zirin ƙasa da ya miƙe yamma kamar mariƙin ludayi. Cimarron ce a can ƙarshensa. Ku zana akwati mai kusurwa huɗu. Tsawonsa daga gabas zuwa yamma kimanin kilomita 87 ne, faɗinsa daga arewa zuwa kudu kimanin kilomita 55. Arewa ce a saman takarda. A sama ku rubuta Kolorado, a kusurwar sama ta hannun dama ku rubuta Kansas, a hagu New Mexico, a ƙasa Teksas. Duk faɗin Amurka ita kaɗai ce gundumar da ta yi iyaka da jihohi huɗu ban da tata. A kula da gefen gabas: maƙwabciyarta ta nan ma sunanta Teksas, amma gunduma ce a cikin Oklahoma, ba jihar ba, kuma masu karanta taswira sukan rikice a wurin.

A tsakiyar akwatin ku ɗiga ɗigo, Boise City ke nan, hedikwatar gundumar. A kusurwar arewa maso yamma ku zana tudu. Wannan shi ne Black Mesa, wuri mafi tudu a jihar, mita 1,516 daga saman teku. Kogin Cimarron ya ratsa arewacin gundumar, kogin Beaver ya ratsa kudancinta, amma galibin shekara yashi ya fi ruwa yawa a cikinsu. In ka cire duwatsun arewa maso yamma, sauran ƙasar shimfiɗaɗɗen fili ne, babu itatuwan da za su tare iska.

Ruwan sama kimanin milimita 450 ne a shekara, mafi yawansa tsakanin Mayu da Agusta, kuma ba shi da tabbas. Ku riƙe wannan adadi, domin kusan duk abin da ya sami gundumar yana komawa gare shi.

Ƙasar da ta shekara 40 ba hukuma

Kafin zuwan Turawa, filin ciyawa ne da garkunan ɓauna ke kiwo, 'yan asalin ƙasar irin su Comanche da Kiowa suna farautarsu. Daga shekarun 1820 ayarin fatake masu kekunan shanu suka riƙa ratsawa ta hanyar Santa Fe. A 1850 jihar Teksas ta saki ƙasar da ke arewa da layin digiri 36 da rabi, saboda dokar lokacin ta hana bauta a arewa da layin, ita kuwa tana riƙe da bayi. A 1854 aka shata iyakar Kansas a digiri 37. Zirin da ya rage a tsakani ya zauna ba alƙali ba ofishin filaye har 1890, lokacin da aka haɗa shi da yankin Oklahoma. Wanda ya zauna a wurin kafin nan ba shi da takardar mallakar ko taku ɗaya. Da Oklahoma ta zama jiha a 1907 aka raba zirin gida uku, Cimarron ta zama ta yamma.

Yadda aka kware wa ƙasa baya

Dokar raba filaye ta 1862 ta riƙa ba mutum eka 160, wato kimanin hekta 65, in ya zauna ya noma shekara biyar. An yanka wannan awo ne da tunanin ƙasashen gabas masu ruwa. A inda ruwa bai wuce milimita 450 ba, hekta 65 ba ta riƙe iyali da kiwo, sai mutum ya kafta ta duka ya shuka.

Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya farashin alkama ya haura dala biyu kowane bushel, awon da ya kai kimanin kilo 27. Layin dogo ya iso Boise City a 1925, tarakta ta yawaita, aka kuma dace da shekarun ruwa. Manoma suka ci bashin banki suka sayi injuna, suka bi ciyawar da garma mai faifai wadda ke niƙe ƙasa ta koma gari.

A nan ne ya kamata a tsaya a fahimci abin da aka yi asara. Ciyawar wurin gajera ce, amma saiwoyinta sun saƙa juna sun ɗaure ƙasa tamau. Ko fari ya busar da ganyenta, saiwar tana nan riƙe. Alkamar da ta maye gurbinta ana shuka ta a Satumba ko Oktoba, ta yi sanyin hunturu a gona, a girbe ta a Yuni ko Yuli. In babu laima lokacin shuka, ba za ta tsiro ta rufe ƙasa ba. Iska kuwa ta fi ƙarfi daga Fabrairu zuwa Afrilu. To ga gona tsirara, ga ƙasa niƙaƙƙiya, ga iska ba abin da zai tare ta.

A 1931 farashin alkama ya faɗi ƙasa da rabin dala. Wasu suka ƙara faɗin gona don su biya bashi, wasu suka watsar da tasu a kafce suka tafi, ita kuma gonar da ba mai kula da ita takan tashi ta binne ta maƙwabci. Sai fari ya shigo ya zauna har kusan ƙarshen shekarun 1930. Mata suna jiƙa zannuwan gado su rataya a taga, su toshe kafofin ƙofa da tsumma, duk da haka da safe a share ƙura da shebur a cikin ɗaki. Yara da tsofaffi suka kamu da ciwon huhu saboda ƙurar. Shanu suna cin ciyawa haɗe da ƙasa har su mutu. Guguwar da aka fi tunawa ta zo ranar Lahadi 14 ga Afrilu 1935, da la'asar, tun rana ba ta faɗi ba, gari ya yi duhu har mutum ba ya ganin tafin hannunsa. A cikin watan nan majalisar ƙasar ta kafa hukumar kare ƙasar noma, ƙarƙashin jagorancin Hugh Bennett.

Gyaran da aka koya wa manoma ba mai wuyar ganewa ba ne. In ƙasa ta fara tashi, a yi huɗa mai zurfi a gicciye da hanyar iska, a fito da manyan hoge sama, domin iska ba ta ɗaukar hoge, gari take ɗauka. Wanda ya ja kunya daidai da hanyar iska ya buɗe mata kwararo ne. Bayan girbi a bar tushiya da kara a tsaye, kada a ƙona, kada a kife su. A shuka gona ziri-ziri, wannan alkama, na kusa da shi dawa ko hutu, don kada iska ta sami dogon fili tsirara. A hutar da gona shekara guda ta tara laima, amma a rufe da kara. Ƙasar da yashi ya yi wa yawa kuwa a mayar da ita ciyawa. Gwamnati ta saye wasu gonakin da suka lalace ta shuka musu ciyawa, kuma wani ɓangare na makiyayar gwamnati ta yau mai suna Rita Blanca yana cikin wannan gunduma.

Lissafin jama'a

Amurka tana ƙidaya duk shekara goma. Ku kwafe waɗannan a takarda, shekara a hagu, adadi a dama:

1930: 5,408
1940: 3,654
1950: 4,589
1960: 4,496
2010: 2,475
2020: 2,296

Ku ɗebe 3,654 daga 5,408. Saura 1,754. Ku raba 1,754 da 5,408, za ku sami kimanin 0.32, wato mutum 32 cikin 100, kusan ɗaya cikin uku. Kuskuren da aka fi yi shi ne rabawa da sabon adadi. Kullum da adadin farko ake rabawa. Wannan lissafi kuma ya nuna abin da ba a cika faɗa ba: biyu cikin uku sun daure sun zauna.

Yanzu ku dubi 1950 da 1960. An sake yin fari mai tsanani a shekarun 1950, amma ragin mutum 93 ne kacal. Manoma sun riga sun san yadda ake riƙe ƙasa, ga kuma tallafin gwamnati. Raguwar da ta biyo baya, wadda ta kai adadin ƙasa da rabin na 1930, dalilinta daban ne. Injin girbi ɗaya yana yin aikin da dā sai an tara mutane da yawa, gonaki suka haɗe suka zama manya a hannun 'yan kaɗan, matasa suka tafi birane neman aiki. Bai dace a ga adadi ya ragu a ce fari ne ba tare da an duba shekarar ba.

Faɗin gundumar murabba'in kilomita 4,768 ne. Ku raba 2,296 da 4,768, amsa kimanin 0.48, wato mutum ɗaya a kowane murabba'in kilomita biyu. Amma kimanin rabin mutanen a Boise City suke, don haka karkarar ta fi haka zama wayam. Illar wannan a fili take: makaranta da asibiti suna nisa, masu biyan harajin gyaran hanya kuma kaɗan ne.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa

A yau ana noman alkama da dawa da masara, ana kiwon shanu. Wani sashe na gonakin yana shan ruwan rijiyoyin burtsatse daga tafkin ƙarƙashin ƙasa na Ogallala, wanda ya shimfiɗu a ƙarƙashin jihohi takwas. Na'urar ban ruwan dogon bututu ne a kan tayoyi, tsawonsa kimanin mita 400, gindinsa a kafe a tsakiyar gona, yana zagayawa yana yayyafi. Gonar hekta 65 gefenta kimanin mita 800 ne, da'irar tana shayar da kimanin hekta 50, kusurwoyi huɗun kuma ruwa ba ya kai musu.

Masara tana bukatar ruwan da ya wuce milimita 500 a kakarta, abin da ke tsiyaya ya koma tafkin a irin wannan busasshen yanki kuwa bai kai milimita 25 a shekara ba. Saboda haka ruwan rijiya yana ta yin ƙasa. Manomi yakan fara da sauke famfo ƙasa, kuɗin mai ko na lantarki ya ƙaru. In ruwan ya ƙara raguwa ya shayar da rabin da'ira, ko ya bar masara ya koma dawa mai jure ƙishi, daga ƙarshe ya koma dogaro da ruwan sama.

Aikin gida

Ku lissafa yawan mutanen da suka ragu tsakanin 2010 da 2020, da kuma kashi nawa ne cikin 100. Sannan ku zana gonar hekta 65 da da'irarta a ciki, ku rubuta hekta nawa ne ke kowace kusurwa in an raba ragowar gida huɗu.