Yadda ake shigar da ƙarar neman diyya ƙarƙashin dokar RICO a Amurka

Dokar RICO da Amurka ta kafa a 1970 domin yaƙar gungun masu aikata laifi ta ba wanda aka cuta damar shigar da ƙara da kansa, kuma idan ya yi nasara ana biyansa ninki uku na asararsa tare da kuɗin lauya.

Kafin ka nufi kotu, tabbatar cewa asarar ta shafi dukiyarka ko kasuwancinka kai tsaye, domin ɓacin rai kaɗai bai wadatar ba. Sannan ka nuna aƙalla laifuka biyu daga cikin waɗanda dokar ta lissafa, kamar damfara ta wasiƙa ko ta waya, da cin hanci, da aka aikata cikin shekara 10, masu alaƙa da juna, ta hanyar wani kamfani ko ƙungiya. Tun 1985 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba sai an riga an hukunta wanda ake ƙara ba.

Wajen nuna waɗannan laifuka ne ƙararraki da yawa ke faɗuwa, domin alƙalai suna buƙatar bayanin damfara dalla-dalla: wa ya faɗi me, a wace rana, a cikin wane saƙo. Don haka ka adana kowace rasit da saƙon imel da takardar banki tun daga ranar farko.

Wa'adin shigar da ƙarar shekara 4 ne daga lokacin da ka gano asarar, ko ya kamata ka gano ta, saboda haka ka nemi lauyan da ya saba da irin wannan shari'a da wuri.