Kurakuran da samarinmu na Makka da Jidda ke yi a dutsen Ararat

Da an ba da hutun makaranta, zafin Yuli ya tsananta, samarinmu sai Turkiyya. Wasu Istanbul ba ta isarsu, sai sun taka ƙololuwar Ararat, dutse mai aman wuta a gabashin ƙasar, tsayinsa mita 5,137, ƙanƙara ba ta barin kansa rani da damina. Tun a nan ma akwai gyara: masu cewa za su ga inda jirgin Annabi Nuhu ya tsaya su duba Suratu Hud, Judi aka ambata, kuma wani dutse ne dabam a kudu, kusa da garin Cizre.

Babban kuskuren shi ne auna shi da Jabalun Nur. "Ai duk mako ina hawa Kogon Hira." To, ɗan'uwa, wancan mita ɗari shida da 'yan kai ne. A Ararat numfashi ke kayar da mutum kafin ƙafa ta gaji, domin can sama iskar da kake zuƙa kusan rabin ta Jidda ce. Kai ya yi ta sarawa, zuciya na tashi, barci ya ƙi, abinci ya fita a rai. Sansani biyu ne a hanyar da ta taso daga garin Dogubayazit, ɗaya a mita 3,200, ɗaya a 4,200. Masu hankali sukan kwana a na farko, washegari su hau na biyun su sha shayi su dawo, sai jibi su tare can. Duk jagoran da ya yi maka rangwame ta hanyar cire wannan ranar, ƙyale shi. In ciwon kai ya ƙi jin magani, kar a ƙara hawa. In mutum ya fara tangaɗi, ko magana ta rikice masa, ko tari mai kumfa, a sauko da shi ko tsakar dare ne.

Akwai wanda ya shafe mu musamman, kuma ba kowane jagoran can zai tambaye ka ba: sikila. Ƙarancin iska na tayar da ciwon mai SS, har mai AS da bai taɓa jin komai ba saifarsa na iya samun matsala a irin wannan tsayi. Ka san jininka, ka ga likita kafin ka sayi tikiti.

Sai tufafi. Auduga na riƙe gumi, in iska ta buga sai ta koma sanyi a jikinka, don haka wandon jins da singiletin gida su zauna a otel. Riguna marasa kauri uku, masu saurin bushewa, sun fi ƙatuwar jaket ɗaya. Takalmin da aka saya jiya zai sale maka dunduniya, ka yi ta yawo da shi tun a gida. Ƙarfen nan mai haƙora da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi, ka koyi ɗaura shi da rana a sansani, sanye da safar hannu, tunda wajen ƙarfe ɗaya ko biyun dare ake tashi zuwa ƙololuwa. Tabarau kuwa dole ne: hasken rana da ke dawowa daga dusar ƙanƙara na ƙona ido, sai dare ya yi ka ji kamar an zuba maka yashi.

Sanyi na ɓoye ƙishirwa, ka sha ruwa ko ba ka so. Dabino da waya a aljihun ciki, in ba haka ba dabino ya daskare, batir ya mutu. Ka tambayi malami hukuncin shafa a kan safa da taimama tun kana gida.

Dutsen yana kusa da iyakar Turkiyya da ƙasashen Iran da Armeniya, ba a hawansa sai da izinin hukuma da jagora mai lasisi. Lokacinsa Yuli zuwa farkon Satumba. Ku yi da jagoran kan ƙarfe nawa za a juyo ko an kai ko ba a kai ba, domin gangarowa kan tsakuwa mai zamewa da gajiyayyar gwiwa aiki ne na awowi.